Kafin Ku Yi Mata Fomatin

'Ya'yana masu koyon gyaran kwamfuta a Tamale, na shagunan tsakiyar gari da na Aboabo, da na Lamashegu da Sakasaka, maza da mata: Wata magana ce ta yi sauƙi a bakinku har na ga ya kamata in ja ku gefe mu tattauna. Mutum zai shigo ya ajiye laftof a kan teburi, ya ce tana daskarewa, kafin ya gama zama an riga an yanke mata hukunci: "Alhaji, sai dai a yi mata fomatin."

Ban ce fomatin laifi ba ne, yana da ranarsa. Na kuma san abin da ya sa kuke ƙaunarsa: ba ya cin tunani, filashi ɗaya ya ishe shi, kuɗin aikinsa sananne ne, kuma sau da yawa kwamfutar takan koma gida tana aiki. To amma ku tsaya ku duba. In matsalar ta direba ce, kun share mugun direban tare da duk abin da ke cikin kwamfutar, kun yi gyara ba ku san abin da kuka gyara ba, kuma ranar da Windows ta sake sauko da wannan direban, matsalar za ta dawo inda take. In kuwa zafi ne ko faifan ajiya, ko kusa da ita ba ku je ba. Ba za a yi mako ba mai ita zai dawo muku fuska a murtuke. Ga kuma abin da ya salwanta a tsakani: ɗalibar jami'ar UDS ta rasa rubutun kammala karatunta, malamin makaranta ya rasa makin ɗalibansa, mai shagon buga takardu ya rasa zanen katunan aure da ya tara shekara da shekaru.

Bari in fara da direban kansa, domin da yawanku suna sa shi kullum ba su taɓa tambayar mene ne aikinsa ba. Ku da kuka tashi a ƙasar Dagbon kun san yadda zaman fada yake. Baƙo ba ya jefa wa sarki magana kai tsaye. Wulana ne ke karɓa ya isar, shi ne kuma ke dawo da amsa. Haka Windows take da sassan jikin kwamfuta. Ba ta magana da sikirin ko katin Wi-Fi ko firinta da bakinta. Kowane sashe yana da 'yar manhajar da ke tsaye tsakaninsu, ita ce direba. Abin lura shi ne mazauninsa. Word da Chrome baƙi ne a ƙofar fada, in ɗayansu ya rikice a fitar da shi, zama ya ci gaba. Manyan direbobi kuwa a ciki suke, dab da sarki. In ɗaya ya karɓi magana ya yi shiru, kowa sai ya zauna jira, ba mai motsi. Wannan zaman jiran shi ne abin da mai kwamfuta yake gani ya ce ta daskare.

Kamfanin Microsoft da kansa, a bayanan da yake wallafa wa masu gyara, ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na faɗuwar da ke kawo shuɗin sikirin daga direbobin wasu kamfanoni take fitowa. Duniya kuma ta ga misali ƙuru-ƙuru ranar Juma'a, 19 ga Yulin 2024, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika da wani ɗan fayil mai kuskure, direbansa da ke zaune a cikin Windows ya karanta ya faɗi da ita. Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka koma takarda da biro. Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda aka gyara: a tashi kwamfutar a Safe Mode, a nemo fayil ɗin nan guda, a goge shi, a sake kunnawa. Da injiniyoyin can irin hannunku gare su, da an yi asarar da ba ta ƙirguwa.

Saboda haka direba babban abin zargi ne. Amma zargi daban, hujja daban, kuma hujja daga bakin mai kwamfuta take farawa. Ku ba shi kujera, ku tambaye shi. Hajiya, yaushe ta fara? Me kike yi a kanta lokacin da take tsayawa? Kwanan nan an haɗa mata wani sabon abu, firinta ko modem ko wata manhaja? A kan caja take yi ko a kan batir? Da sanyin safiya ko da rana tsaka? Ta taɓa faɗuwa? Kowace amsa tana nuna wata hanya. Wadda ba ta daskarewa sai an kunna bidiyo, ko ana taro ta Zoom, ko an buɗe CorelDRAW, ku fara zargin direban hoto. Wadda sai an rufe murfinta an buɗe take ƙin farkawa, ita ma galibi direba ne, na hoto ko na Wi-Fi ko na bod. Wadda take aiki lafiya har rabin awa, sannan fanka ta fara kuka ta ƙame, wannan zafi ne. Wadda sai an ɗaga ta ko an girgiza teburi, wani abu ne ya saki a cikinta.

Za su ce muku, "Wallahi ban taɓa komai ba." Kada ku yi musu kallon maƙaryata. Windows takan sauko da sababbin direbobi da kanta cikin dare, mai kwamfuta yana barci.

In Allah ya sa ta daskare a gabanku, kada ku yi saurin danne madannin kashewa, domin wannan lokacin shi ne mafi tsada a duk aikin. Ku danna Caps Lock ku kalli 'yar fitilarsa. In tana kamawa tana mutuwa, Windows da ranta, wani abu ne ya riƙe ta. Ku haɗa Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, ku ga wa ke cinye ƙarfin. Sau da yawa za ku tarar faifan ajiya ne yake tsaye a kashi ɗari, tsohon faifai mai juyawa a kwamfuta mai ram na gig 4, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan nauyi ne, ba daskarewa ba, kuma maganinsa SSD da ƙarin ram. In sikirin ne ya ƙame amma sauti yana tafiya, ku haɗa madannin Windows da Ctrl da Shift da B. Za ku ji ɗan ƙara, sikirin ya ƙyafta. Wannan umarni ne ga Windows ta sake tayar da direban hoto. In ta dawo hayyacinta, kun kama mai laifi ba ku kwance ko sukuru ɗaya ba. Tun zamanin Windows Vista ma akwai tsarin da ke yin haka da kansa: in katin hoto ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows ta sake tayar da direbansa. Shi ya sa wani zai ce muku sikirin yakan yi baƙi ya dawo. Wannan bayani ne mai daraja, ku rubuta shi.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da mutane da yawa ba su sani ba. A Windows 10 da 11, yadda suke zuwa daga kamfani, Shut down ba ya sauke direbobi gaba ɗaya. Yakan adana su yadda suke don kunnawa ta yi sauri. Restart ne ke tayar da komai sabo. Mutum zai rantse yana kashe kwamfutarsa kullum, alhali direban da ya rikice yana nan da rikicinsa tun watan jiya. Ku fara da Restart.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin shi ne namu na Tamale. Yawancin bidiyoyin koyon gyara da kuke kallo a YouTube an yi su ne a ƙasashen da ake kunna wuta don a ɗumama ɗaki. Mai bidiyon zai ce ku sabunta direba, domin a garinsu shi ne abin da ya fi yawa. Mu nan daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana zuba mana ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina, daga nan kuma Maris da Afrilu su zo da zafin da yakan kai digiri 40 a inuwa. Fankar laftof tana zuƙar wannan ƙurar wata uku, ta tara ta a bakin hanyar iska har ta zama dunƙule, sannan bazara ta iso ta same ta a toshe. Ku lura da kanku a shago: wane lokaci ne a shekara masu kukan daskarewa suka fi yawa?

Ƙari a kan haka, ku tuna irin kayan da muke gyarawa. Mafi yawansu na hannu ne, Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad da suka yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, su bi ta Akra ko Kumasi su iso mana. Kaya ne masu ƙwari, ba na raina su. Amma man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi ya daɗe da bushewa a yawancinsu. Furosesa in ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai komai ya koma tafiyar hawainiya, in abin ya wuce nan ta ɗauke gaba ɗaya. Ku sa manhajar auna zafi irin HWMonitor, ku ba kwamfutar aiki, ku zuba wa lambobin ido. In suna hawa ba sauka, ku ajiye maganar direba tukuna. Ku buɗe, ku riƙe fankar da yatsa kafin ku hura mata iska don kada ta yi gudun da zai lalata ta, ku cire dunƙulen ƙurar, ku goge tsohon man ku sa sabo kaɗan. Sannan ku gaya wa mai ita ta daina ɗora ta a kan katifa ko dardumar ɗaki, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Garinmu kuma garin babur ne. Laftof tana cikin jaka a bayan ɗalibi, daga Kalpohin zuwa makaranta, ana faɗawa rami ana fita, wani lokaci ma ba a kashe ta ba, murfi kawai aka rufe. Faifai mai juyawa ba ya son haka, ram ma yakan saki a mazauninsa. Cire ram, goge bakinsa, mayar da shi ya zauna daram: aikin minti biyar ne, kuma ya isa ya raba wasu kwamfutocin da daskarewa. Caja ma ku duba ta. Ta jabu takan sa kibiyar maus ta yi ta tsalle ko ta ƙame muddin tana jone, kuma wasu laftof na Dell sukan rage gudu in ba su gane cajar da aka sa musu ba. Ku zare, ku gwada a kan batir.

Masu ƙera kwamfutocin nan sun sa musu abin gwajin kansu da ba ya bi ta Windows. A Dell ku danna F12 lokacin kunnawa ku zaɓi Diagnostics. A HP ku danna Esc sannan F2. Zai gwada ram da faifai ya faɗa muku. CrystalDiskInfo kuma yana karanta rahoton lafiyar da faifan yake ajiyewa game da kansa. In kwamfuta ta daskare a cikin gwajin masu ƙerawa, irin na Dell ko HP ɗin nan, inda ko direban Windows ɗaya ba ya aiki, to magana ta ƙare, ciwon a jiki yake.

Sai in jiki ya fita lafiya sannan mu koma kan direba, kuma a nan Safe Mode ne alƙali. Ku riƙe Shift ku danna Restart, ku bi ta Troubleshoot har Startup Settings, ku zaɓi lamba 4. Windows za ta tashi da 'yan direbobinta na asali kaɗai, ta bar sauran a waje. Ku bar ta ta yi aiki a haka na ɗan lokaci. In daskarewar ta ɓace, to ɗaya daga cikin waɗanda aka bari a waje ne, direba ko wata manhaja da ke tashi tare da Windows. Daga nan ku rubuta reliability a wurin bincike ku buɗe tarihin da Windows take ajiyewa. Yana jera kwanaki, da jan tambari a ranar da aka samu faɗuwa, da kuma abin da aka sa wa kwamfutar a kowace rana. Na fi son wannan shafin a kan duk sauran, domin sau da yawa za ku ga sabon direba ya shiga ranar Talata, jan tambari ya fara ranar Laraba. In akwai shuɗin sikirin, ku ɗauki hotonsa da waya. Wani lokaci har sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar yakan rubuta a ƙasa.

A Device Manager ku nemi alamar ruwan ɗorawa, amma kada rashinta ya ruɗe ku. Direba yana iya zama ba alama a kansa, yana kuma ɓarna. Ku buɗe sashen katin hoto. In kuka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, to wanda ya yi fomatin na baya bai sa direban hoto ba sam, kwamfutar tana tafiya ne da na wucin gadi. Haka nan in kuka danna Update driver ta ce wanda ya fi dacewa yana ciki, ma'anarta ba ta ga wani ba a inda ta duba. Ba ta je gidan kamfanin ta tambaya ba.

Kafin ku canza komai, abu biyu. Ku kwafe fayilolin mai kwamfuta zuwa wani faifai, ku kuma yi abin da Windows ke kira restore point, wato ku sa ta ta riƙe yadda take a yanzu don a iya komawa in aiki ya ɓaci. Tun da maganar kwafe fayiloli ta zo, bari in faɗi abin da ya fi direba nauyi a wurina. Kwamfutar mutum amana ce. A ciki akwai hotunan iyalinsa, da takardun kuɗinsa, da saƙonnin da bai rubuta don ku ba. Ku kwafe folda a rufe, ku mayar a rufe, in an gama ku goge abin da ke faifanku a gabansa. Tamale tana da girma a taswira, amma a wajen labari ƙarama ce. Shagon da aka ji yaransa suna leƙen hotunan mata ba ya sake ganin Hajiya ko 'yarta, kuma wannan ma shi ne ƙaramin hukuncin.

To, ina za a samo direban? A gidan wanda ya ƙera kwamfutar. Ku juya ta. Dell tana da Service Tag mai haruffa da lambobi bakwai, HP da Lenovo suna da lambar siriyal. Ku shigar da ita a shafin kamfanin na intanet, zai kawo muku direbobin wannan samfurin daidai. A laftof na fi son a fara da na mai ƙerawa kafin a je wurin Intel ko AMD ko NVIDIA, domin sau da yawa yakan daidaita direban da yadda ya tsara batir da sikirin da madannan haske. In wani sashe ya fito ba suna, ku shiga Properties, ku je Details, ku zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN ita ce ta kamfani: 8086 Intel ne, 10DE NVIDIA, 1002 AMD, 10EC Realtek. Ta bayan DEV kuma ita ce ta sashen kansa. Wanda ya haddace waɗannan huɗun ya huta da yawan lalube.

Na san filashin nan da ke yawo daga shago zuwa shago, mai manhajar da ke sa direbobi talatin a danna ɗaya. Na kuma san dalili: data tana da tsada, direban hoto guda yakan kai ɗaruruwan megabait, mai kwamfuta kuma yana tsaye a kanku. Amma ku yi lissafi. Irin waɗannan manhajojin sukan sa direban da ya yi kama da daidai ba daidai ba, wasu su shigo da tarkacen talla, filashin kansa kuma ya shiga kwamfutoci nawa kafin ya iso gare ku? Mafi muni, in kun canza talatin a lokaci guda kwamfuta ta gyaru, ba ku san wanne ya gyara ba. In ta ƙara lalacewa, ba ku san wanne za ku cire ba. Hanyar rage kuɗin data ita ce ku yi taku ma'ajiyar. Samfuran da ke yawo a garin nan ba su da yawa. Duk direban da kuka sauko da shi daga gidan kamfani, ku ajiye shi a folda mai sunan samfurin da kwanan wata. Kafin shekara ta zagayo kuna da abin da maƙwabta za su riƙa zuwa aro.

Ɗaya bayan ɗaya ake sa su. In sabuwar Windows ce, na bod a gaba, wanda shafukan ke kira chipset, sannan na hoto, sannan na Wi-Fi da sauti. In kuwa daskarewa kuke bi, wanda hujja ta nuna shi kaɗai za ku taɓa. Ku sa, ku yi Restart, ku gwada, ku rubuta a littafi. Sauri ya haifi nawa.

Kada kuma ku ɗauka sabo shi ne mai kyau a kullum. Ɗan'adam ne ke rubuta direba, yana gyara kuskure ɗaya ya shigo da wani. In tarihi ya nuna matsala ta fara ne bayan sabuntawa, maganin baya yake, ba gaba ba. A Properties, ƙarƙashin Driver, akwai Roll Back Driver da ke mayar da na da. In ya dushe ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon ba, sai ku nemo shi a shafin kamfani, inda galibi akan bar na baya. Direban hoto da ya cakuɗe, an ɗora wani a kan wani, akwai manhajar DDU da ke share shi tas a Safe Mode kafin a sa mai kyau. Kwamfutar da ke aiki lafiya kuwa, ba na ganin dalilin bin direbobinta ɗaya-ɗaya don kawai an ga sabuwar lamba. Sabuntawar tsaro ta Windows daban ce, ita kam a bar ta ta shiga. Kuma ɗalibin da zai miƙa aikinsa gobe da safe, ku kwafe masa aikin ya je ya buga, a yi gwaje-gwajen jibi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

BIOS shi ne wanda nake so ku ji tsoronsa. Wani lokaci sabunta shi ne kaɗai ke kawar da daskarewa, musamman ta farkawa daga barci, kuma kamfani yakan rubuta abin da kowace sabuntawa ta gyara, sai ku karanta. Amma in wuta ta ɗauke yana tsakiyar shiga, kwamfutar tana iya ƙin tashi kwata-kwata. Waɗanda suka yi sana'ar nan a lokacin yawan ɗauke wuta na dumsor a 2015 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Laftof sai batir ya cika, caja tana jone. Ta teburi sai da UPS mai rai. In hadari ya haɗo, ku bari sai an ɗauke ruwa. Ku kuma tambayi Masta kafin ku fara, ba bayan ta mutu ba.

Saura tsofaffin kwamfutoci. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma rufe kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana neman TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma galibi furosesa ta ƙarni na takwas zuwa sama, alhali kasuwarmu cike take da na huɗu da na shida. Na san kun iya dabarar tsallake sharaɗin. Amma ku sani kamfanonin sun daina rubuta wa waɗannan sassan sababbin direbobi, don haka in aka ɗora sabuwar Windows a kan tsohon katin hoto ta fara daskarewa, babu sabuntawar da za ku jira. Ku faɗa wa mai ita gaskiya tun farko, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet, Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya da tsohuwar kwamfuta sosai, da yawan direbobinsu a ciki suke zuwa, kuma ana iya gwada su daga filashi ba a taɓa faifai ba. Wannan gwajin ma hujja ce: in ta yi yini a Linux ba ta ƙame ba, galibi jikinta lafiya, in ban da faifan da ba a taɓa ba. Ba na son a yi saurin cewa kwamfuta ta mutu. Wadda aka yanke wa hukunci ba bincike wurin 'yan gwangwan take ƙarewa, kuma kun san a Agbogbloshie, matattarar 'yan gwangwan ta Akra, kafin a rushe wurin a 2021, da yawan samarin da ke ƙona waya suna shaƙar hayaƙi don su ciro tagulla 'yan arewacin nan ne, ƙannenku da yayyenku.

In kun gama, kada ku miƙa ta don kawai ta kunnu. Ku sa ta ta yi ainihin abin da aka ce yana daskarar da ita. In bidiyo ne, ku kunna mai tsawo ku bar shi. In rufe murfi ne, ku rufe ku buɗe sau da dama, a kan caja da kuma a kan batir. In da rana tsaka take yi, to gwajin sanyin safiya bai gaya muku komai ba, ku jira azahar. Sannan ku rubuta wa mai ita a 'yar takarda sunan direban da kuka canza da lambarsa da kwanan wata, ku bar kwafi a littafin shago. Ku ce mata, "Hajiya, ga abin da muka samu, ga abin da muka yi. In ta sake, kada ki kashe ta da sauri. Ki duba agogo, ki tuna abin da kike yi a kanta, in wani rubutu ya fito ki ɗauke shi a waya, ki kawo mana tare da cajarta."